Jinin Da Ya Ƙi Ɗaukewa: Hukuncin Shari'a Da Haƙƙin Zaman Aure

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci namiji da mace, Ya shar'anta aure a tsakaninsu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata matsala wadda ta ke zaune cikin gidaje masu yawa, amma ba a cika jin ta a majalisi ba, domin kunya ta rufe ta. A ƙasar Gaya da Ajingi, tun daga Kademi da Shagogo har zuwa Toranke da Balare, kamar dai sauran ƙasar Kano, a kan sami mace wadda jinin al'ada zai zo mata ya ƙi ɗaukewa, ko kuwa ya zo da yawan da ya wuce kima. Daga nan sai ɓarna uku ta biyo baya. Ita matar ta ajiye salla mako uku ko wata biyu, tana zaton har yanzu ba ta da tsarki. Shi kuma mijin, ko dai ya ƙaurace wa ɗakinta kamar mai gudun annoba, ko kuwa ya matsa mata alhali ko tsayuwar kirki ba ta iyawa. Ciwon kuwa yana nan yana ci, babu wanda ya nemi sanin asalinsa.

Tambayar da za a duba a wannan mako ita ce: idan shari'a ta halatta wa miji kusantar matarsa mai irin wannan jini, shin halaccin nan kaɗai ya ishe shi hujja? Ko kuwa akwai wani abu da ya rage a wuyansa bayan malam ya ce masa halal ne? Ba za a iya amsa wannan ba sai an fara sanin hukuncin kansa.

RABE-RABEN JINI DA LISSAFIN KWANAKI

Malaman fiƙihu sun kasa jinin da ke fita daga mace kashi uku: jinin haila, da jinin biƙi, da jinin istihala, watau jinin ciwo. Biyu na farko suna hana salla da azumi da ɗawafi da saduwa. Na ukun ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka dukan aikin yana ga gane inda haila ta ƙare, istihala ta soma.

Wannan bayani yana cikin littattafan da a ke karantawa a kowane zaure na ƙasar Hausa, kamar Ahalari da Iziyya, da Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, da Muhtasar na Shaihu Halil. A mazhabar Imamu Malik, yarinyar da ta fara ganin jini, iyakar hailarta kwana 15. Wadda ta saba kuwa, idan jini ya zarce kwanakinta, sai ta ƙara kwana 3 na jira a kan mafi tsawon al'adarta, muddin jimla ba ta wuce 15 ba. Alal misali, mace a Gurduba wadda ta saba kwana 6, idan jini ya zarce za ta zauna har kwana 9. Wadda ta saba 13 za ta ƙara 2 kawai. Wadda ta saba 15 ba ta da ƙari. Da cikar wannan adadi sai ta yi wanka, ta ɗauki salla da azumi, ko da jinin yana zuba. Daga wannan rana sunanta mai tsarki.

Idan jinin yana zuwa yana yankewa, sai ta riƙa tara kwanakin da ta gan shi har su cika adadinta, ta yi wanka ta yi salla a ranakun da ya ɗauke. Idan kuwa ya zarce wata da watanni, sai ta lura. Bayan ta cika kwana 15 a cikin hukuncin tsarki, in ta ga jinin ya sauya zuwa kamannin da ta san hailarta da su, wajen launi ko kauri ko wari, to, wannan sabuwar haila ce. In bai sauya ba, tana nan kan tsarkinta komai daɗewa. Jinin biƙi kuma iyakarsa kwana 60 a wurin Malikawa da Shafi'awa, kwana 40 a wurin Hanafawa da Hambalawa, kuma in ya ɗauke kafin haka, ko da a mako na biyu ne, wanka da salla sun wajaba. Zaman arba'in al'ada ce ta jego, ba ta ɗauke wa kowa salla.

Game da alwala, Risala ta sanya sabunta ta a kowace salla mustahabbi ne ga mai istihala, sauran mazhabobi kuma sun wajabta. Abin da ya ɓata tufafinta bayan ta yi iyakar ƙoƙarinta na yin ƙunzugu, an yi mata rangwame a kansa saboda wahala. Imamul Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ɗaya daga cikin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi i'itikafi tare da shi tana cikin istihala, har a kan ajiye mata tasa a ƙarƙashinta tana salla. Wanda ya san wannan ba zai sake kallon mai jinin ciwo da idon ƙazanta ba.

HUKUNCIN SADUWA

Saduwa a cikin haila haramun ce da nassin aya ta 222 ta Suratul Baƙara, kuma babu saɓani a kan haka. Haramcin yana nan har jini ya ɗauke, ta ga bushewa ko farin kumfa, sa'an nan ta yi wanka. A mashhurin mazhaba, abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa shi a ke nisanta, abin da ya saura na wasa da hira da kwanciya wuri ɗaya duk halal ne. Wanda ya keta wannan iyaka ya yi laifi babba, tuba da istigfari sun wajaba a kansa. Hambalawa sun ƙara masa da sadakar dinari ɗaya ko rabinsa, bisa wata ruwaya ta Ibn Abbas.

A nan akwai wurin da mutane su kan ruɗe. Yawan jini dabam, tsawon kwanaki dabam. Macen da jininta ke malala kamar an yanka dabba, amma yana tsayawa a kwana na 7 kamar yadda ta saba, wannan tana cikin haila ce tun daga farko har ƙarshe, mijinta ba shi da hanya. Yawan zubar ba ya mayar da shi istihala. Wucewar kwanaki ita ke mayar da shi.

Amma idan kwanaki sun cika ta yi wanka, mafi yawan malamai sun halatta wa miji ya sadu da ita, cikinsu har da Malik da Shafi'i da Abu Hanifa. Hujjarsu kuwa a fili ta ke. Faɗimatu 'yar Abu Hubaishin ta kai kukanta wurin Annabi cewa jini ba ya ɗauke mata, ya sanar da ita cewa wannan jinin wata jijiya ce, ya umurce ta da ta bar salla gwargwadon kwanakin hailarta kaɗai, sa'an nan ta wanke ta yi salla. Malamai suka ce, wadda aka halatta wa tsayawa gaban Ubangijinta, yaya za a haramta ta ga mijinta, alhali salla ta fi girma? Abu Dawuda kuma ya kawo cewa Ummu Habiba da Hamnatu, 'ya'yan Jahashi, dukansu sun yi fama da istihala, kuma mazajensu suna kusantarsu. Mijin ta farko shi ne Abdurrahmani ɗan Aufu, na biyun Ɗalha ɗan Ubaidullahi, dukansu biyu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ita Ummu Habiba shekara 7 ta yi a cikin wannan hali. Imamu Ahmad, a mashhurin mazhabarsa, ya hana sai idan an ji tsoron faɗawa cikin alfasha, domin yana ganin cutarwar da aka ambata a haila tana nan a wannan jini ma.

HALAL DA ABIN DA YA DACE

To, a nan ne mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Kalmar halal ma'anarta an ɗauke laifi daga aikin kansa. Ba ta ɗauke laifin da zai iya shigowa ta wata ƙofa ba. Cin nama halal ne, amma wanda ya ɗura wa majinyaci nama alhali likita ya hana, ya yi zalunci, kuma halaccin nama ba zai cece shi ba. Tafiya da jaki kasuwa halal ce, amma wanda ya labta masa kaya yana ɗingishi, kowane dattijo a gari zai tsawata masa. Idan dabba tana da wannan haƙƙi, ina ga uwar 'ya'yan mutum?

Malamai da kansu sun kira wannan jini jinin ciwo. Sunan nan yana ɗauke da hukunci biyu a lokaci ɗaya. Na farko, tun da ciwo ne, ba ya hana ibada, ba ya kuma haramta ta ga miji. Na biyu, tun da ciwo ne, mai shi majinyaciya ce, tana da dukan haƙƙin da majinyaci ke da shi. Abin takaici, wasu maza su kan riƙe hukunci na farko da hannu biyu, su yi kamar ba su ji na biyu ba. Alhali ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya kawo hadisinta a cikin Muwaɗɗa, tana gaba da kowane halacci. Idan saduwa za ta ƙara mata zubar jini, ko ciwon mara, ko kuwa jiri da haki sun riga sun kayar da ita, to, halaccin ya tsaya har ta sami sauƙi. Malaman fiƙihu ba su kira macen da ta hana kanta saboda uzurin ciwo mai tawaye ba, kuma ciyarwarta da tufatarwarta ba su faɗi ba.

Wani zai ce: ai miji ma yana da haƙƙi, kuma idan jini ya ɗauki wata uku, ina zai sa kansa? Wannan magana ce mai nauyi, ba a yi watsi da ita ba. Aure garkuwa ne, kuma saboda haka ne shari'a ba ta rufe ƙofar ba. Akwai mata da yawa waɗanda jinin nasu ɗigo ne kawai, ƙarfinsu yana nan, su da kansu suna bukatar mazajensu. Irin wannan, hana ta mijinta da sunan tsoron Allah ƙari ne a cikin addini, kuma cutarwa ce gare su duka biyu. Musulunci ya zo ya tarad da Yahudawan Madina ba sa cin abinci tare da mai haila, ba sa zama da ita ɗaki ɗaya, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Anas, sai ya rushe wannan. Nana A'isha ta kan taje kan Annabi tana cikin haila, su kan kuma sha ruwa da ƙwarya ɗaya. Idan mai haila ba a ƙyamarta, mai istihala ta fi cancantar kada a ƙyamace ta.

Saboda haka ma'aunin ba ya hannun miji shi kaɗai, ba ya kuma hannun tsofaffin gida. Yana ga halin jikin matar, kuma ita ce ta fi kowa sanin abin da ta ke ji. Miji na ƙwarai tambaya ya ke yi, ya kuma gaskata amsar da aka ba shi. Shari'a ta riga ta amince wa mace a kan abin da ke cikin mahaifarta, har an gina idda da nasaba a kan maganarta. Wanda alƙali ya gaskata, bai kamata miji ya ƙaryata ba. Wanda kuwa ya ce haƙurinsa ya ƙare, sai a tambaye shi: cikin watanni ukun nan, sau nawa ya kai ta asibiti? Hanya mafi kusa zuwa biyan bukatarsa ita ce warkewarta.

Akwai kuma maganar rabon kwana a gidan da ke da mace fiye da ɗaya. A kan ji an ce wance ba ta da tsarki, a ba 'yar'uwarta kwananta. Wannan ba shi da tushe. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa rabon kwana domin ɗebe kewa da natsuwa aka wajabta shi, don haka mai haila da mai biƙi da mara lafiya duk suna da rabonsu cikakke, sai in ita ce ta bayar da kanta, da daɗin ranta. Idan ba ta iya girki, wannan uzuri ne da ya ɗauke mata aiki, bai ɗauke mata miji ba. Daren da ta ke kwance jini yana zuba, a nan ne ta fi bukatar a sami mai miƙa mata ruwa, mai lura ko numfashinta ya sauya.

ABIN DA LIKITOCI SUKA SANI

Malam kwana ya ke ƙirgawa, likita kuwa yawan jini ya ke aunawa, kuma kowane yana kan aikinsa. A wurin likitoci, jinin al'ada ya yi yawa idan ya wuce mililita 80 a wata, watau cokalin cin abinci biyar da ɗoriya. Tun da ba mai aunawa a gida, sai suka ba da alamomi: jinin da ya wuce kwana 7 ko 8, ko ya jiƙe auduga ko ƙunzugu cikin awa ɗaya ko biyu a jere, ko ya riƙa fita da manyan gudaje, ko ya tashe ta cikin dare don sauya ƙunzugu. Mai karatu zai lura cewa mace tana iya kasancewa cikin haila sahihiya a shari'a, amma ta zama mara lafiya a asibiti. Fatawa ba ta maye gurbin awon jini.

Ruwa ba ya tsami banza. Daga cikin sabubban wannan jini akwai ƙari da ke fitowa a jikin mahaifa, wanda ya yawaita ƙwarai ga matan Afirka. Akwai rikicewar sinadaran jiki, musamman ga 'yan mata masu fara al'ada da matan da suka kusa dainawa. Akwai ragowar ɓari da bai gama fita ba, wanda ke bukatar wankin ciki. Akwai cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke iya kisa cikin sa'o'i kaɗan idan ya fashe. Allurar tazarar haihuwa da abin da a ke sanyawa a damtse su kan kawo ɗigon jini na tsawon lokaci, robar mahaifa mai jan ƙarfe kuma ta kan ƙara yawansa, kuma duk waɗannan ana iya gyara su ko a sauya su idan an koma wurin ma'aikaciyar da ta sanya. Akwai kuma waɗanda jininsu ba ya daskarewa da wuri tun daga haihuwa.

Alamomi biyu kuwa ba a jinkiri a kansu ko kaɗan: jinin da ke fita bayan saduwa, da jinin da ya dawo wa mace bayan ta daina al'ada. Waɗannan suna iya zama farkon sankarar bakin mahaifa ko ta mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu. Wannan ciwo ana maganinsa idan an gano shi da wuri. A watan Oktoba na 2023 aka fara allurar rigakafinsa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohin farko. A nan miji ne shaida na farko, domin sau da yawa shi da ita kaɗai suka san cewa jinin bayan saduwa ya ke zuwa. Idan ya yi shiru, babu mai faɗa.

Babbar illar yawan jini ita ce ƙarancin jini a jiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace a karkarar Ajingi wadda ke daka da surfe da ɗiban ruwa, ga haihuwa kusa da kusa, ga zazzaɓin sauro, idan yawan jinin al'ada ya haɗu da waɗannan sai a ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, tana haki daga ɗaki zuwa madafa. Sau da yawa a kan kira wannan lalaci ko son jiki. Idan kuma ta ɗauki ciki a wannan hali, zubar jini kaɗan wurin haihuwa tana iya tafiya da ita.

Magani kuwa akwai shi. Akwai ƙwayoyin ƙarin jini, akwai masu rage zubar da a ke sha a kwanakin al'ada, akwai masu daidaita sinadaran jiki, akwai aikin tiyata ga wadda ƙari ya girma. Babban asibitin Gaya yana kusa da mutanen wannan yanki, abin da ya fi ƙarfinsa kuma a kan tura shi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta hanyar Wudil. Hanta da nama da wake da zogale da alayyafo suna taimakon jini, shayi kuwa yana rage amfanin da jiki ke ɗauka idan an sha shi tare da abinci. A guji asfirin a kwanakin zubar, domin yana tsinka jini. A guji cusa magungunan matsi da a ke sayarwa a kasuwa. Ya kamata kuma a sani cewa saduwa ba ta tsayar da jini, kamar yadda wasu ke faɗa, kuma cututtukan da ke bin jini, irin su ƙanjamau da ciwon hanta, sun fi saurin wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya a lokacin da jini ke fita. Wadda azumi ke kayarwa saboda ƙarancin jini tana da rangwamen mara lafiya, ta sha ta rama.

Wasu su kan jingina wannan ciwo ga iska ko sammu, suna kafa hujja da hadisin Hamnatu, inda aka danganta jinin ga bugun Shaiɗan. Malamai da dama sun fassara wannan da cewa Shaiɗan ya sami hanyar rikita mata lissafin sallarta da tsarkinta. Kuma a cikin wannan hadisi ɗin ne Annabi ya fara ba ta shawarar auduga, da ta ce jinin ya fi ƙarfin auduga ya ce ta ɗaure da ƙyalle. A hadisin Faɗimatu kuwa jijiya ya ambata. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, amma ba su hana neman magani ba. Wanda ya kashe kuɗin tunkiya wurin boka, ya bar awon jini na kuɗi kaɗan, ya yi asarar dukiya da imani gaba ɗaya.

WA ZAI BIYA KUƊIN MAGANI?

A kan sami mai ɗan karatu ya ce magani ba ya cikin wajiban miji, na iyayen mace ne. Gaskiya ne cewa mashhurin mazhabobi huɗu bai lissafa kuɗin likita cikin ciyarwar dole ba, ko da ya ke Malikawa sun wajabta masa ladan ungozoma. Amma Shaihu Ulaishu na Masar, wanda ya rasu a 1882, ya kawo a sharhinsa na Muhtasar cewa Ibn Abdil Hakam, ɗaya daga manyan malaman mazhaba, ya ɗora wa miji ladan likita da magani. Shaihu Wahbatuz Zuhaili na Sham, wanda ya rasu a 2015, ya yi bayanin cewa magabata sun yi hukunci ne bisa al'adar zamaninsu, a yau kuwa magani ya zama kamar abinci ko ma fiye, domin mara lafiya ba ya iya cin abincin. Al'adar ƙasar Hausa ma ta riga ta yanke wannan, domin babu wanda a ke ganin mutuncinsa idan ya bar matarsa kwance. Kuma hankali ba ya karɓar mutum ya nemi haƙƙinsa a jikin da ya ƙi ɗaukar nauyin gyara shi.

Mafi muni shi ne wanda ya gaji ya rubuta takarda. Saki a cikin haila haramun ne, kuma a mazhabar Malik a kan tilasta wa miji ya mayar da ita idan sakin na kome ne, bisa ƙissar Abdullahi ɗan Umar. Mai istihalar da ba ta iya bambance jininta kuwa, iddarta shekara guda ce cur. Watau wanda ya sake ta ya mayar da ita gidan iyayenta da ciwo, ya kuma ɗaure ta wata 12. Ko da sakin ya auku a shari'a, tambayar ranar gobe tana nan.

KUNYA DA ILMI

Tushen dukan wannan ɓarna shi ne shiru. Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nana A'isha ta yabi matan Ansar domin kunya ba ta hana su neman sanin addini ba, kuma da Faɗimatu da Hamnatu sun yi shiru, da al'umma ba ta sami waɗannan hukunce-hukunce ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilcin tsarki da salla, alhali suna karantar da almajirai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru domin ilmi ya isa ga matan ƙauye ta bakin 'yan'uwansu mata.

Wannan aiki yana nan yana jiran masu yi. Ya kamata makarantun Islamiyya na matan aure a Gaya da Ajingi su tsaya a kan babin haila har kowace ɗaliba ta iya lissafin kwanakinta, su kuma riƙa gayyatar ma'aikaciyar asibiti ta yi bayanin alamomin hatsari. Ya kamata kowace mace ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ko ta sa alama a kalanda, domin wannan takarda ɗaya za ta amfani malam ta amfani likita. Limamai kuma su karantar da maza wannan babi tsakanin Magariba da Lisha, domin hukuncin saduwa da rabon kwana da saki a wuyan maza ya ke. Malamin da miji ya zo wa da wannan tambaya, idan ya ce halal ne, to, ya cika fatawarsa da tambayar halin matar, da umurnin a kai ta asibiti.

Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan: halaccin gaskiya ne, babu mai ikon haramta abin da Allah Ya halatta, amma an ba da shi ne ga mijin da aka riga aka umurta da kyakkyawan zama, aka kuma hana shi cutarwa. Wanda ya haɗa ukun nan ya bi shari'a, wanda ya zaɓi ɗaya ya bar biyu ya bi son zuciyarsa.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya zaunar da ma'aurata lafiya, Ya ƙara wa Musulmi fahimtar addininsu. Allah Shi ne Mafi sani.